Mu koya wa yara ƙasar Sin a tsakar gida, yashi da buta sun isa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyaye 'yan uwana, musamman mata irina da muke wuni a gida da yara. Maganar a kan ƙasar Sin ce, wato Chaina, da yadda yaranmu ke tashi ba su san komai a kanta ba alhali kusan duk abun da ke gidajenmu daga can ya zo. Wayar hannun uwa, tocila, fanka mai caji, sola da ke saman kwano, babur ɗin da baba ke hawa, silifas, kai hatta sallaya da carbin da ake kawo mana tsarabar Makka in ka juya bayansu sau da yawa sunan ƙasar za ka gani. Amma ka tsayar da ɗan aji huɗu a Bauchin nan ka ce masa ina ne Chaina, abu biyu zai gaya maka, inda ake yin kayan da ba sa ƙarko da kuma inda ake faɗa ana tashi sama a fim. Wani ma ya ɗauka Chaina da Indiya da Dubai duk unguwa ɗaya ce.

Ni na taɓa koyarwa a firamare kafin hidimar gida ta zaunar da ni, to ranakun Alhamis da Juma'a da yamma tunda babu Islamiyya sai nake tara nawa da na maƙwabta a tsakar gida mu ɗauki wata ƙasa mu yi ta wasa da ita har sai mun gaji. Ba makaranta na buɗe ba, ba kuma cewa nake a cire yara daga boko ba, a'a, ƙari ne kawai a kan abun da ake ba su, sabida gaskiyar magana ajujuwa da yawa yanzu ko taswira babu a bango, yaro zai haddace maka cewa nahiyoyi bakwai ne ya cinye jarabawa amma bai taɓa ganin inda suke ba.

Abun da ya fi ci mana a darasin Sin shi ne taswirar yashi. Muka share gefen gida muka zuba yashin gini muka yayyafa ruwa, na zana musu siffar ƙasar da kara, sannan na ce su tula ƙasa sosai a ɓangaren yamma, tsakiya su rage, gabas kuma su daddale ta ta kwanta, domin haka ƙasar take, kamar matakala mai hawa uku tana gangarowa teku. Tudun yamman nan shi ne Tibet, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, a gefensa na kudu muka jera duwatsu a matsayin Himalaya, babban cikinsu muka ce shi ne Everest mai mita 8,849 da ke kan iyakar Sin da Nepal. Don su gane lissafin sai na ce musu Jos da muke zuwa muna kukan sanyi ba ta wuce mita 1,200 da ɗan wani abu ba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya kuma, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne. Daga nan aka ɗauko buta. Na ce autana ya tsaya a kan Tibet ya tsiyaya ruwa a hankali, ban ce komai ba, ruwan da kansa ya nemi hanya ya yi gabas yana cin yashin yana tafiya da shi, yaran suna ihu suna bin sa da gudu. Sai na tambaye su to me ya hana shi yin yamma? Wata yarinyar maƙwabta da ba ta fi shekara shida ba ta ce, Anti ai ruwa ba ya hawa tudu. Shi kenan darasi ya zauna, manyan kogunan ƙasar guda biyu, Yangtse mai kusan kilomita 6,300 wanda ya fi kowane kogi tsawo a Asiya, da Rawayan Kogi mai sama da kilomita 5,400, duk daga wancan tudun suke tasowa su faɗa teku a gabas. Da muka barbaɗa jar ƙasa mai laushi a hanyar na biyun ruwan ya rine, sai suka ga dalilin sunan, ƙasa ce mai laushi yake kwasowa daga tuddan arewa, kuma ita ce ke cike masa ciki har ya riƙa ambaliya yana cin garuruwa tun zamanin da. Na kawo musu misalin namu Gongola da ke tasowa daga tsaunukan Filato ya ratsa Bauchi da Gombe, a tare shi a Dadin Kowa, ya je ya haɗu da Binuwai a Numan, na ce su ma can sun tare Yangtse da wata madatsa da babu wadda ta kai ta ba da lantarki a duniya. Nan take aka samo fasasshen bulo aka tare ruwan buta, aka yi dam, dam ya fashe, aka jiƙa min wanki.

Bayan ruwa ya tsane na ba su wake gwangwani guda na ce ga mutanen ƙasar, mutum sama da biliyan 1.4, ku zaunar da su inda kuke ganin za su iya noma su sha ruwa. Babu wanda ya kai wakensa kan dutse ko cikin hamada, duk suka cunkusa su a bakin koguna da gaɓar teku, kuma haka abun yake a zahiri, sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen Sin a rabin gabas suke, yamma fili ne fetal sai duwatsu da hamadar Gobi da Taklamakan. Girman ƙasar ya ninka Najeriya kusan sau goma, tana da iyaka da ƙasashe 14, mu kuma huɗu. Wannan ban sa su haddace ba, na dai zana Najeriya 'yar ƙarama a gefe suka riƙa auna ta da tafin hannu.

Ita kuwa Babbar Ganuwa ban fara da ita daga Sin ba, daga gida na fara. Yaran nan kullum suna jin Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Dumi, Wunti, a bakin 'yan acaɓa da masu Keke Napep, amma ba su taɓa tambayar kansu ƙofar mene ne ba tunda ba su ga ɗaki ba. Sai da na gaya musu cewa garin nan da ganuwa aka kewaye shi tun zamanin Sarki Yakubu na farko, ana rufe ƙofofi da dare sabida mahara, sannan na ce to wasu mutane can sun yi irin wannan amma ba gari suka kewaye ba, gefen ƙasa guda suka tare sabida mahaya dawakai da ke kawo musu hari daga arewa. Ba sarki ɗaya ya gina ta ba, ba kuma bango ɗaya miƙaƙƙe ba ne, ɗaruruwan shekaru aka yi ana yi ana ƙari, wadda ake nunawa a hoto mai bulo da hasumiya yawanci aikin daular Ming ne da ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, kuma da hukumomin ƙasar suka auna duka rassan suka fitar da sakamako a 2012 sun samu kilomita 21,196. Muka kwaɓa laka muka zuba a kwalin ashana muka yi ƙananan tubala muka shanya. Abun da ya fi ba su dariya shi ne da na ce magina na zamanin Ming suna haɗa kunun shinkafa mai danƙo da farar ƙasa su ɗaure bulo da shi, ai kuwa sai da aka dama min kunu a gwangwanin madara aka gwada, wani kuma ya lashe rabi. Hasumiyoyin nan na ce musu da hayaƙi ake aika saƙo da rana, da dare kuma wuta, wannan ya kunna na gaba ya gani ya kunna, sai muka jera yara daga zaure har bakin kicin kowa da tocila. Batun cewa wai ana hango ganuwar daga duniyar wata kuwa ba gaskiya ba ne, dan Allah malamai a daina faɗa wa yara.

Akwai wani gwaji ɗan ƙarami da nake so iyayen da ke Katagum da Gamawa da Zaki su yi, don su abun ya fi shafa. A arewacin Sin inda hamada ke cin gonaki da layin dogo, suna kafa karmami a cikin yashi layi-layi a tsaye da a kwance, ya zama gida-gida kamar na dara, kowane gida kamar mita ɗaya, sai iska ta kasa kwasar yashin har ciyawa ta samu ta kama, kuma tun 1978 suke wani gagarumin shirin dashen itatuwa a yankin. Mu faranti biyu muka cika da yashi, ɗaya muka soka masa guntayen tsintsiya gida-gida ɗayan muka bar shi haka, aka sa mafici aka yi ta fifita. Wanda babu tsintsiya ya watse a idon kowa. Jiharmu da Gombe suna cikin jihohi 11 da ake shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada, to yaron da ya ga farantin nan da idonsa ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan sare bishiya ba.

Na san abun da wasu za su ce, don an riga an faɗa min. Wani bawan Allah a layinmu ya aiko matarsa ta janye yaransu, wai ya ji ana koya musu al'adun masu bautar gumaka da cin alade. Ban ji haushi ba, uba yana da haƙƙin ya san me ake zuba wa ɗansa a kai, kuma ni ma akwai abun da na tsallake da gangan, kamar lissafinsu na shekarun dabbobi da ake cewa wanda aka haifa a shekarar kaza halinsa kaza ne, wannan duba ne, ba ruwana da shi. Amma sanin inda kogi ya bi da yadda mutane ke noma shinkafa a gefen dutse bai taɓa aƙidar kowa ba. Kuma mutane da yawa ba su san cewa akwai Musulmi sama da miliyan 20 a ƙasar ba, cikin ƙabilu 56 da gwamnatinsu ta lissafa goma Musulmi ne, manyansu Hui da Uigur, akwai tsohon masallaci a birnin Xi'an da aka gina da fasalin gininsu na katako mai lanƙwasasshen rufi, akwai wani a Gwangzu, garin da 'yan kasuwarmu ke zuwa sari, wanda mutanen wurin ke danganta shi da sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas duk da masana tarihi ba su tabbatar da hakan ba. Maganar nan da muka tashi muna ji ta neman ilimi ko da a birnin Sin ne, malaman hadisi sun ce ba ta inganta ba, don haka ba na kafa hujja da ita, ba na ma buƙatarta.

Ranar da muka yi kamfas ce ta fi tsaya min. Allurar ɗinki muka goga a jikin maganaɗisun tsohuwar sifika, muka ɗora ta a kan ganyen darbejiya cikin kwanon ruwa, ta yi ta juyi a hankali ta tsaya tana nuna kudu da arewa, a juya kwanon ta koma, a sake juyawa ta koma, yaran suka yi tsit. Na ce musu mutanen Sin ne suka fara gano wannan, wani masaninsu Shen Kuo ya rubuta bayaninsa tun 1088. Daga nan muka nemo alƙibla, muka ga tamu gabas ce ta ɗan karkata arewa. Sai na ajiye dutse a tsakiya na ce ga Ka'aba, ga Bauchi a wannan gefen, ga Beijin babban birnin Sin a wancan, to yaron Beijin ina zai kalla in zai yi salla? Babbar 'yata ta daɗe tana kallon ƙasa sannan ta ce, Umma yamma fa zai kalla, ta faɗa a tsorace kamar ta yi saɓo, don ita a saninta gabas da alƙibla abu ɗaya ne. Na ce ƙwarai yamma, kuma sallarsa ta yi. Da daddare muka ɗauko ƙwallo da tocila muka ga yadda rana ke riga fito musu, awa bakwai suke gabanmu, ƙarfe 2 na rana a nan su can ƙarfe 9 na dare ne, lokacin da muke azahar su sun yi isha'i.

Takarda ma mun yi. Tsofaffin jaridu (a yi haƙuri Malam Edita, har da taku) muka yayyaga muka jiƙa suka kwana, muka kirɓa a turmi, muka dama da ruwa, muka tsame da rariya muka shimfiɗa a kan tsumma a rana. Ta fito da kauri da ƙuraje amma ta karɓi tawadar allo. Labarin da ke bayanta shi ne wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya kai wa sarkinsu takarda a shekara ta 105 wadda ya haɗa da ɓawon itace da tsummoki da tsohuwar komar kamun kifi, sana'ar ta bi hanyar fatake ta iso Samarƙand, zuwa ƙarshen ƙarni na 8 ana yin ta a Bagadaza, kuma da ita aka rubuta littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure har yau. Su ma tawadarsu ta gargajiya da baƙin hayaƙi da danƙo ake yi, kusan yadda almajirai ke haɗa tasu da gawayi da ƙaro, sai dai su da burushi suke rubutu mu da alƙalamin kara.

Sauran abubuwan ƙanana ne, tsinken tsire biyu a matsayin sandunan cin abinci ana gasar ɗaukar gyaɗa, fitilar takarda mai ja, jirgin leda da zare ranar da iska ta taso. Ta wajen abinci na nuna musu a taswirar yashin cewa kudu mai ruwa shinkafa suke ci, arewa mai sanyi da ƙarancin ruwa alkama, shi ya sa taliya da burodin turara suka fi yawa can, kuma akwai wata shahararriyar taliya da naman sa ta garin Lanzhou da Musulmin Hui suka yi suna da ita, da hannu ake jan ta, sai muka murza tamu 'yar murji muka ci da manja da yaji. Ganyen shayi asalinsa daga can ne, koren ganyen da Buzaye masu gadi ke dafawa a ƙaramar buta ma yawanci daga can ake kawo shi. Labarin da maza suka fi so kuma na Zheng He ne, Musulmi ɗan lardin Yunnan da ya jagoranci manyan jiragen ruwa sau bakwai tsakanin 1405 da 1433 har gaɓar gabashin Afirka, a zamaninsa aka kai wa sarkin Sin raƙumin dawa mutanen fada suka yi ta mamaki. Aka yi jiragen kwali aka sa a baho, aka ɗora musu raƙumin dawa na laka wanda wuyansa ya ƙi tsayawa.

Kada a ɗauka tallar Chaina nake yi. Ni ma ina jin koken 'yan kasuwarmu a kan yadda baƙin ke shigowa har cikin kasuwa suna karya farashi, ina jin labarin masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, ina jin maganar bashin da ake ciyowa, kuma halin da Musulmin Uigur ke ciki a Xinjiang har ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kai a 2022, manyan yaran na ɗan taɓa musu wannan daidai hankalinsu. Amma ai wannan ne ma dalilin. Tun 1971 Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin, kamfaninsu ne ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, riɗin da manomanmu ke nomawa ƙasarsu na cikin manyan masu saye, su kuma tun 1963 gidan rediyonsu ke watsa shiri da Hausa, suna da jami'ar da ake koyar da Hausa a Beijin, za ka ji Basine yana jero karin magana ka rantse a Zariya aka haife shi. Su sun zauna sun karance mu. Yaran nan namu su ne gobe za su zauna da su a teburin ciniki ko na sa hannu a kwangila, kuma a yanzu ko inda ƙasar take ba su sani ba.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku ɗan ware ko rabin shafi ne a mako na yara, a sa taswirar ƙasa ɗaya babba wadda za a iya yankewa a manna a bango, da wasa ɗaya da uwa za ta iya yi da abun da ke gidanta, da Hausa mai sauƙi, don yawancin irin waɗannan abubuwan da ke intanet da Turanci suke kuma kayan da suke cewa a saya ko a kasuwar Wunti ba za ka samu ba balle a ƙauye. Gidajen rediyonmu na Bauchi da Gombe su ma in sun ga dama ga shiri nan kyauta. Alhazan da ke zuwa Gwangzu sari kuma dan Allah in an dawo a riƙa tara yaran gida ana ba su labari, awa nawa aka yi a jirgi, ta wace ƙasa aka yada zango, me aka ci, ina aka yi sallar Juma'a, a nuna musu kuɗin ƙasar su taɓa, ba tsarabar agogo kaɗai ba. Mu dai bayan salla in Allah ya kai mu Masar za mu shiga, kuma duk uwar da ta san yadda ake yin dala da laka ba ta rushe ba ta taimaka ta rubuto ta wannan shafin.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wata uwa, tsohuwar malamar firamare,
Unguwar Jahun, Bauchi.